Hoton da ya kwanta da wanda ya yi nauyi: yadda muke gyara su da ImageMagick

Mai shagon kwamfuta, Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Lokacin rajista ya sake zagayowa, matsalar kuma ita ce dai ta bara. Mutum ya taso daga ƙauye da hotonsa a waya, a wayar yana tsaye ƙyam, ana ɗora shi a shafin rajista sai ya kwanta a gefensa, ko shafin ya ce ya yi nauyi. A ce za a riƙa buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa da maus, janareta na shan mai, benci cike da masu jira, wannan ba hanyar ɓullewa ba ce. Da yawanmu mun koma ImageMagick, manhajar gyaran hoto da ake ba wa umarni a rubuce, to kowa ya kawo layin da yake aiki da shi, da inda abin ke cizo.

Bari in fara da kwanciyar. Yawancin wayoyi ba sa juya hoton da gaske idan an riƙe su a tsaye. Suna adana shi a kwance, misali 4000 da 3000, sai su rubuta wata lamba a cikin EXIF, wato bayanan da ke ɓoye cikin fayil ɗin hoton, da ke cewa a juya shi wajen nunawa. Lambar daga 1 zuwa 8 take, 6 ita ce aka fi gani. Waya na karanta ta, wasu shafukan kuwa ba ruwansu da ita. A duba da wannan:

magick identify -format "%w %h %[orientation]" hoto.jpg

In ya ce RightTop, hoton a kwance yake. Maganinsa:

magick hoto.jpg -auto-orient -strip gyararre.jpg

Jerin kalmomin nan ba ado ba ne. ImageMagick daga hagu zuwa dama yake bin umarni. Wanda ya sa -strip, mai goge bayanan hoto, kafin -auto-orient ya goge lambar tun kafin a karanta ta, sai -auto-orient ya zo bai tarar da komai ba, hoton ya fita a kwance.

Mai ɗaukar hoto, Dambatta

Wa alaikumus salam. Haka yake, Malam, kuma a wajen yanka ma jerin nan ne ke kayar da mutane. Lambobin -crop huɗu ne: faɗi, tsayi, sai nisa daga hagu, sai nisa daga sama.

magick hoto.jpg -auto-orient -crop 1400x1800+800+300 +repage yankakke.jpg

Wato a baro fiksil 800 daga hagu, 300 daga sama, a yanko 1400 da 1800. In ba a miƙar da hoton ba tukuna, awon zai tafi ne a kan kwantaccen, sai ka nemi fuska ka samo kafaɗa da bango.

Abu biyu ba na so yaran shago su manta. Na farko, +800+300 ɗin nan dole ne, ko da +0+0 ne. In aka rubuta -crop 1400x1800 kawai, ba yanki ɗaya zai ba ka ba, zai yayyanka hoton gaba ɗaya gida-gida, ka ga yankakke-0.jpg, yankakke-1.jpg har folda ta cika. Na biyu shi ne +repage. A JPG ba ka cika ganin amfaninsa ba, amma PNG da GIF suna riƙe girman asalin hoton da gurbin da aka yanko, sai aiki na gaba ya fito a karkace ba ka san dalili ba. A mayar da shi al'ada bayan kowane yanka.

Batun fasfo kuma, mai milimita 35 da 45 a ɗigo 300 cikin inci yana kamawa fiksil 413 da 531:

magick yankakke.jpg -resize "413x531^" -gravity north -extent 413x531 fasfo.jpg

Na sa north ne saboda hula. Hoton waya mai tsawo, irin 9 da 16, idan faɗinsa ya dawo 413 tsayinsa 734 ne, ke nan akwai rarar 203 da za a zubar. Da center, kusan 100 za a cire a sama, 100 a ƙasa, kuma dattijo mai doguwar hula rabinta ke nan ta tafi. Babu dattijon da zai karɓi wannan hoton, kuma yana da gaskiya. Da north rarar duk daga ƙirji ake cire ta. Haka ma mata masu ɗaurin kallabi mai tudu.

Ɗalibi mai taya aiki a shago, Rano

Baba na Dambatta, na gode. Amma a Windows na rubuta convert kamar yadda na gani a intanet, sai ya ce da ni Invalid Parameter. Sannan layin rage girma mai alamar > ba ya fitar da abin da nake so.

Malamin sakandare, Birnin Kudu

Ƙanena, ba laifinka ba ne, tsofaffin bayanai ne suka cika intanet. Manhajar ta daɗe, John Cristy ne ya ƙirƙiro ta tun 1987, kuma har zubi na 6 sunan umarnin convert ne. Zubi na 7 ya mayar da shi magick. Shi kuma Windows yana da nasa convert ɗin, wanda aikinsa sauya tsarin faifai ne daga FAT zuwa NTFS, ba abin da ya haɗa shi da hoto. Shi ne ya amsa maka. Rubuta magick -version ka ga wanda ke kan na'urarka, in 7 ne ka manta da convert.

Ita kuma alamar >, a wajen ImageMagick ma'anarta a rage hoton in ya fi awon da aka bayar, in bai kai ba a ƙyale shi. Amma a tagar umarni ma'anarta a tura sakamako cikin fayil. Muddin ba ka killace ta da alamar zance ba, Windows zai riga ImageMagick cafke ta. Haka ma ^ ɗin da Baba ya sa, Windows haɗiye ta yake yi. Don haka:

magick hoto.jpg -resize "1200x1200>" rage.jpg

In kuma a fayil ɗin .bat, wanda Windows ke bin umarnin cikinsa a jere, kake tara umarnin, duk % sai ta zama %%. Sunan fayil mai tazara a tsakiya, irin wanda WhatsApp na kwamfuta ke sa wa hotuna, shi ma sai an killace shi.

Mai shagon kwamfuta, Ringim

Sai nauyi. Shafi ya ce kada hoto ya wuce KB 50, misali. Ba sai an tsaya ana gwada -quality 70, a dawo 60, a dawo 50 ba:

magick fasfo.jpg -strip -define jpeg:extent=50kb na_shafi.jpg

Da kansa zai yi ta sauke inganci har ya shiga ƙarƙashin awon. Sai dai a rage faɗi da tsayi tukuna. In ka matse hoto mai 4000 da 3000 cikin KB 50, fuskar za ta dagargaje ta koma dabbare-dabbare, ko mai ita ba zai shaida kansa ba. Mai 413 da 531 kuwa yana zama a KB 50 fes.

Malama mai aikin buga takardu, Kazaure

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni takardu sun fi zuwa mini: takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa. Yawanci a kan tabarma ko benci aka shimfiɗa su aka ɗauka, sun ɗan karkace.

magick takarda.jpg -auto-orient -background white -deskew 40% +repage miƙaƙƙiya.jpg

Wannan ƙaramar karkata kaɗai yake gyarawa, yana bin layukan rubutu ne. Takardar da aka ɗauka daga gefe, samanta ya tsuke ƙasanta ya buɗe, ba aikinsa ba ce. Gara a sake ɗauka, waya a saitin tsakiyar takarda, a inuwa mai haske. In da hannu za a juya, -rotate 90 yana bin hannun agogo, -rotate -90 akasin haka. Juyin da ba cikakke ba, kamar -rotate 3, yana faɗaɗa hoton ya bar kusurwa huɗu, su kuma launin -background suke ɗauka, shi ya sa ake rubuta shi kafin juyin.

Ga masu sikana, -trim yana cire farin gefe, amma a lokacin hunturu kusan ba ya aiki shi kaɗai. Ƙura ce ke kwanciya a gilashi, ɗigo ɗaya a kusurwa ya isa ya hana shi yanka, don yana tsayawa ne a fiksil na farko da ya saɓa da launin gefen. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi, sannan a sa -fuzz 15% -trim +repage. Kada a zarce da yawa, ana kai 40% sai ya fara cin gefen takardar da ta tsufa ta yi ruwan ƙasa.

Kuma don Allah kada a mayar da takardar shaida baƙi da fari don neman sauƙin nauyi. -colorspace Gray na rage nauyi, gaskiya ne, amma jan hatimi da shuɗin sa hannu su ne ke nuna cewa daga asali aka ɗauka. In suka tafi, ta zama kamar fotokwafi, mai ita kuma shi zai sake biyan kuɗin mota.

Haɗa su a PDF ba wuya: magick shafi*.jpg takardu.pdf. A sa musu suna 01, 02, 03, in ba haka ba shafi10 zai riga shafi2. Ɓarewar PDF zuwa hoto ita ce ke buƙatar Ghostscript, manhajar karanta PDF, a na'urar, kuma -density kafin sunan fayil yake zuwa:

magick -density 150 "takardu.pdf[0]" -background white -alpha remove shafin_farko.jpg

In aka sa shi bayan sunan fayil, an riga an karanta takardar a ɗigo 72 cikin inci, rubutun ya fito dishi-dishi. Ƙirgen shafi daga 0 yake farawa.

Malamin sakandare, Birnin Kudu

Madalla, Malama. Wannan -alpha remove ɗin shi ne kuma maganin tambarin makaranta da ke komawa baƙi ƙirin idan aka mayar da PNG zuwa JPG, don JPG bai san fili mara launi ba. Masu Ubuntu kuma, in ya ce security policy ta hana PDF, ba lalacewa ya yi ba, layi ne a cikin policy.xml ya toshe shi da gangan saboda tsaro.

Mai gyaran waya, Maigatari

Ni nawa aikin a waya nake yi, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci, shago ba wuta. A sauko da Termux, manhajar da ke buɗe tagar umarni a wayar Android, daga F-Droid, rumbun sauke manhajoji, a rubuta pkg install imagemagick, sai termux-setup-storage don ya samu izinin shiga hotuna. Za a same su a ~/storage/dcim/Camera. A nan babba da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne, *.jpg ba ya kama fayil mai .JPG.

Wanda nake so kowa ya yi hattara da shi mogrify ne. Shi ba ya fitar da sabon fayil, a kan asalin yake rubutawa, ba tambaya, ba komawa baya. Hotunan bikin mutum guda 200 na iya komawa girman fasfo kafin ka ɗaga kai. Kullum a buɗe folda tukuna, don ba ya ƙirƙirar ta da kansa:

mkdir fita
magick mogrify -path fita -auto-orient -resize "1200x1200>" -quality 85 *.jpg

Amfaninsa a waya shi ne ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka. Hoto mai fiksil miliyan 12, ko da MB 3 ne a fayil, idan an buɗe shi yana cin sama da MB 100 na ƙwaƙwalwa. magick *.jpg kuwa duka yake lodawa a lokaci guda, ƙaramar waya sai ta kashe aikin. Hoton iPhone mai HEIC, a ƙara -format jpg a canza ƙarshen zuwa *.HEIC. In ya ƙi, a duba magick -list format, in babu HEIC a jerin to ba a haɗa zubin da libheif, abin da ke karanta HEIC, ba.

Mai ɗaukar hoto, Dambatta

Ɗana na Maigatari ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Duk lokacin da aka sake adana JPG sai ya ɗan zubar da inganci, kamar rigar da ake ta wankewa. Don haka miƙarwa, yanka, ragewa da matsewa a haɗa su a layi ɗaya, daga asali, a adana sau ɗaya. In juyi kaɗai ake so ba tare da asarar komai ba, jpegtran -rotate 90 ya fi, wata manhaja ce daban. A kuma ce wa masu turo hoto ta WhatsApp su turo shi a matsayin takarda, don in a matsayin hoto ne ya riga ya matse shi kafin ya iso.

-strip ma ba ko'ina nake sa shi ba. Yana da kyau ga abin da za a ɗora a intanet, don yana goge har da bayanin wurin da aka ɗauki hoton. Amma yana tafiya da bayanin launi, hoton iPhone sai ka ga jan atamfa ya dusashe. Na bugawa ba na taɓa shi.

Ɗalibi mai taya aiki a shago, Rano

Baba, ya miƙe, ya kuma shiga KB 50. Saura yadda zan jera takwas a takarda ɗaya.

Mai ɗaukar hoto, Dambatta

Takardar hoto mai inci 6 da 4 fiksil 1800 da 1200 ce a ɗigo 300 cikin inci. Huɗu a jere, layi biyu, da tazarar 10 a kowane gefe, ya kama 1732 da 1102, ya shiga ke nan:

magick montage fasfo.jpg -duplicate 7 -tile 4x2 -geometry +10+10 takwas.png
magick takwas.png -background white -gravity center -extent 1800x1200 -units PixelsPerInch -density 300 bugawa.jpg

Ka yi amfani da fasfo.jpg, ba wanda ka matse don shafi ba. Wajen bugawa kuma ka cire alamar da ke sa firinta ta daidaita hoto da takarda, ka bar shi a ainihin girmansa. Na farko da ya fito ka ɗora masa rula, faɗin kowane ya zama milimita 35 kafin ka sa almakashi.