Ciwo a ƙasar waje ana tsakar bikin kalankuwa: wa ya taɓa gani?

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu za su tura ni Riyo ta ƙasar Birazil cikin watan Fabrairu, kuma makon da suka zaɓa ya faɗa daidai kan kalankuwar garin. Ba kallo zai kai ni ba, amma gari in yana biki ba ruwansa da abin da ya kawo baƙo. Ina da ciwon suga, ina allurar insulin. So nake in ji daga bakin wanda abin ya taɓa samu: ciwo ya kayar da kai a baƙon wuri, tituna a toshe, kowa na rawa, ina ka dosa, wa ya duba ka, me ya fi ba ka wuya? Ko ba Birazil ba ce a faɗa mana. Ga wanda bai sani ba, bikin ba shi da tsayayyar rana. Ista yake bi, yana ƙarewa ranar Talata, jajibirin Larabar Toka, ranar da Kiristoci da yawa ke shiga azuminsu, shi ya sa wata shekarar ya faɗo farkon Fabrairu, wata kuma ya kai Maris.

Ɗan kasuwa

Wa'alaikumus salam. Ni a 2024 ta rutsa da ni a can, shekarar da zazzaɓin dengi ya yi musu kaca-kaca. Saura 'yan kwanaki a fara bikin hukumar birnin Riyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan cutar, kuma kafin shekarar ta fita ƙasar ta ƙirga sama da mutum miliyan 6 da ake zaton sun kamu. Asabar da yamma na ji jikina ya yi nauyi, kafin tsakar dare zazzaɓi ya rufe ni, bayan idanuna na sara, ko juyi na yi a gado sai na yi nishi.

Ciwon da sauƙi a kan hanyar zuwa asibiti. Mutane suna ɗauka kalankuwar Riyo ita ce faretin nan na Sambadrome da ake nunawa a talabijin. Wancan a killace yake, fili ne da aka buɗe tun 1984, da tikiti ake shiga, ba ya tare wa kowa hanya sosai. Abin da ke tsayar da gari cak shi ne gungun makaɗan unguwanni, ɗaruruwansu, kowane da ranarsa da layinsa, jama'a na bin su a ƙasa tun da farar safiya. Na kira mota ta manhajar waya, direba ya karɓa, ya zo can nesa ya hango taro, ya soke. Na gaba ma haka. Ƙarshe yaron da ke teburin karɓar baƙi ne ya riƙo ni muka shiga cikin jama'ar nan a ƙafa. Wani ƙato da fukafukan roba a gadon bayansa ya miƙo min gwangwanin giya, da ya dubi fuskata sai ya janye hannu, ya shige gabanmu yana ture mutane yana daka musu tsawa da yarensu har muka ɓulle.

Inda muka je ƙaramin asibitin gaggawa ne na gwamnati, irin waɗanda suke kira UPA, dare da rana a buɗe. Fasfo suka duba, suka ɗaura min wani abu mai launi a wuyan hannu. Launin shi ke nuna wanda za a fara gani, don ba da wanda ya riga zuwa ake bi ba, da wanda ya fi jin jiki ake bi. Na sha zama, gaskiya. Daga baya suka ɗibi jini, suka sa min ƙarin ruwa, suka ce in dawo a sake aunawa. Ban biya komai ba: tsarin lafiyarsu na SUS, wanda kundin tsarin mulkin 1988 ya kafa, kyauta ne ga duk wanda ke cikin ƙasar, har da baƙo. Turanci ne dai babu, da fassarar waya muka yi ta kokawa ni da likitar. Lambar motar asibiti 192 ce, amma ita ma ta cikin taron nan za ta bi.

Malam, ranar da ka sauka, tun kana da ƙarfinka, ka taka da ƙafarka ka ga ƙofar asibitin da ya fi kusa da masaukinka. Taswirar waya tana nuna titi, ba ta nuna mutum dubbai da ke tsaye a kansa.

Ma'aikaciyar jinya

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan naka. A garin da dengi ke yawo, duk zazzaɓin da ya zo farasitamol kawai ake sha har sai an yi gwaji. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara haɗarin zubar jini, kuma su ne abin da hannu ke fara kaiwa gare su idan gaɓoɓi na ciwo. Yaudarar cutar kuma ita ce haɗarin yakan zo ne lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin rana ta 3 da ta 7, mutum na murna ya warke. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, kasala mai yawa: kowane ɗaya daga ciki komawa asibiti ne nan take. Sauronta da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: maleriya a Birazil kusan dukanta a yankin Amazon take. Likitan Riyo a lokacin annoba kowane zazzaɓi dengi yake gani. In daga ƙasar da ake maleriya ka taso, ka faɗa da bakinka, ka nemi a gwada ta. Tana iya kwanciya mako ɗaya ko fiye kafin ta tashi.

Ɗalibi a Jamus

Ni tawa ta sanyi ce. A Kolon bikin titi yana farawa ranar Alhamis da ƙarfe 11:11 na safe, ya kai ƙololuwa ranar Litinin da babban fareti. Maƙogwarona ya kumbura daren Laraba, haɗiyar yawu ma sai na runtse ido. Na je wajen likitan unguwa na tarar da takarda a ƙofa, sai bayan biki. Na shiga babban kanti neman farasitamol, suka ce ba a sayar da shi nan, sai kantin magani. Ashe kowane kantin magani da ya rufe yana maƙala sunan wanda ke aikin dare a ƙofarsa. Can na je, ta wata 'yar taga ake miƙo magani, da ɗan ƙarin kuɗi na yuro 2.50. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ko kuka za ka yi ba za su ba ka ba sai da takardar likita.

Abin da ya fitar da ni lambar 116117 ce, ta likitocin da ke aiki lokacin da sauran suka rufe. Ita 112 ta wanda ransa ke cikin haɗari ce. Kar ka kai ciwon wuya sashen gaggawa a makon nan, cike yake da waɗanda giya ta kayar da waɗanda kwalba ta yanka, za ka kwana a benci. Kuma a kula da zaurukan biki masu rufaffun tagogi: a Fabrairun 2020 wani taron kalankuwa a Gangelt, gundumar Heinsberg, yana cikin wuraren da korona ta fara bazuwa sosai a Jamus.

Uwar yarinya mai sikila

Sannunku. Mu Venis ce, a Italiya. Mun raka maigida taro ne, muka ce a nuna wa yara 'yan kalankuwa masu rufe fuska a dandalin San Marco. Sanyin garin mai laima ne, yana shiga ƙashi, ga tafiyar ƙasa ba iyaka don babu mota ko ɗaya a cikin gari, gadoji sama da 400 kuma kusan kowace da matakala. 'Yata ba ta son shan ruwa in ana sanyi. Sanyi, gajiya, ƙarancin ruwa: duk mai ɗa sikila ya san abin da ke biyo baya. Ta fara da cewa ƙafarta, kafin mu juya ta durƙushe a bakin wata gada tana riƙe da ƙugu. Lungunan sun cika har 'yan sanda sun mayar da wasu hanya ɗaya ga masu tafiyar ƙasa, ba dama ka koma ta inda ka fito. Babanta ya goya ta, wata mai shago ta kira mana 118, sai ga jirgin ruwa da jiniya, shi ne motar asibitinsu.

Abin da ya yi mana rana takarda ce guda ɗaya da likitanta ya rubuta da Turanci: nau'in sikilarta, rukunin jininta, adadin jinin da ta saba zama a kai, magungunanta da sunayensu na asali, da maganin ciwon da ke yi mata aiki. Likitan ya karanta, bai tsaya gardamar ko ciwon ya kai yadda take faɗa ba. Wanda ya taɓa roƙon a yarda da ciwon ɗansa zai gane abin da nake nufi.

Ragowar wahalar ta kuɗi ce. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, tana wajabta inshorar da ta kai yuro 30,000, sai mutum ya ɗauka ya tsira, alhali da yawa daga cikin masu arahar sun cire ciwon da ka taho da shi daga gida. Tamu haka take. Kamfanin jirgi kuma ya ce sai da takardar likita za ta hau, ban ga laifinsu ba, don iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin kusan mita 2,400. Ƙarin kwanan da muka yi, ɗaki ya gagara a cikin gari, sai da muka tsallaka ruwa zuwa garin Mestre da ke kusa.

Dattijo

Ɗana, ni tambaya ce da ni. Wane aiki za ka yi a Riyo a makon nan? Litinin da Talata bankuna a rufe suke, Laraba sai tsakar rana suke buɗewa. Wanda za ka gani ma yana kan titi ko ya bar gari. Ka ce su matsar da tafiyar mako guda.

Wata 'yar'uwa a Amurka

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ba kullum ake da zaɓi ba. Ni a New Orleans gudawa da amai suka kwantar da ni ana tsakar kalankuwarsu ta Mardi Gras. Abokan tafiyata suka tsorata suka kira 911. A Amurka doka ce tun 1986 sashen gaggawa ya duba ka ko ba ka da ko kwabo, amma dokar ba ta ce kyauta ba. Takardun biya daban-daban suka biyo ni: na motar asibiti, na asibitin, na likitan. Ruwa leda biyu aka ƙara min, lissafin ya shiga dubban daloli. In ba numfashi ko jini ko suma ba ne, a fara kiran lambar da ke jikin takardar inshora, su za su faɗa maka ƙaramin asibitin da suke hulɗa da shi. A ajiye kowane rasit.

Mai ciwon suga

Ɗan'uwa, ni ciwonmu ɗaya, saurare ni da kyau. A Salvador ta jihar Bahia, can Birazil, nawa ya faru, inda manyan motoci ɗauke da makaɗa ke tafiya a hankali jama'a na biye. Na fito ne neman abinci kawai, taro ya haɗiye ni, rana na dukan kai, lokacin cin abincina ya wuce. Hannuna ya fara rawa, gumi mai sanyi ya karyo, harshena ya yi nauyi. Na jingina da bango ina tangaɗi, mutane na wucewa suna dariya, wani har ya dafa kafaɗata yana jinjina min. A garin da rabin mutane ke layi, wanda sugansa ya faɗi mashayi ne a idon kowa. Wata mai sayar da ruwa a akwatin ƙanƙara ce ta lura da katin da ke rataye a wuyana, wanda na sa aka rubuta min da Fotugis cewa ina da ciwon suga, a ba ni abu mai zaƙi. Ta fasa lemon gwangwani ta kafa min a baki, ta zaunar da ni a kan akwatin nata har idona ya washe.

Don haka kati a wuya, alewa a aljihun gaba. Insulin a jakar hannu, kar ya shiga cikin kayan da ake aunawa, sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da shi, wanda ya daskare kuma ya lalace. Firjin otal ma ka kula, kar ka jingina shi da bangon ciki. Wanda ka fara amfani da shi yakan kai kwana 28 muddin zafi bai haura digiri 30 ba, Riyo kuwa a Fabrairu tana haurawa. Ka ɗebi ninkin abin da kake buƙata, ka raba jaka biyu. Takalmi rufaffe, saboda fasassun kwalabe.

Ma'aikaciyar jinya

Yaya, ka gama magana. Saura ɗaya: ranar da amai ko gudawa suka hana ka ci, kar ka dakatar da insulin da kanka. Ciwo yana ɗaga suga ko ba a ci komai ba. Ka riƙa aunawa duk bayan awa 3 zuwa 4, kuma tun kafin tafiya likitanka ya rubuta maka yadda za ka yi a irin wannan rana, da yadda za ka gyara lokacin allura saboda bambancin agogo. Ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin tsayar da gudawa ba a shan sa in da jini a bayan gida ko zazzaɓi.

Mai buɗe zance

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Baba, na kai maganarka sama, sun ce kwangila ce ta kafa injuna a masana'anta, da gangan aka zaɓi makon da ma'aikata ke hutu. Ta Dubai zan bi. Akwai abin lura a nan? Kuma Alhaji, wace unguwa zan nemi masauki?

Ɗan kasuwa

Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, allurai ma haka. In akwai tramadol ko kodin a cikin kayanka, Daular Larabawa ba ta wasa da su, ka bincika ƙa'idarsu kafin ka tashi ko ka bar su. Ka tafi da katin rigakafin shawara, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma sai ta kwana 10 katin ke fara aiki. Masauki kuwa, ba sunan unguwa za ka bi ba. Ka nemi wanda ke kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, don a kwanakin bikin yakan yi aiki dare da rana, kuma shi kaɗai ne taro ba ya tarewa. Kafin ka biya, ka rubuta musu ka tambaya ko akwai gungun makaɗa da ke bi ta ƙofarsu, da ranar da suke bi.