Muhawara: Concorde gwaninta ce ko ɓarnar dukiya?

Injiniya: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana: Concorde jirgin saman fasinja ne da aka ƙera don kawai an ga za a iya. Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ƙera shi a 1962, ya tashi a 1969, gudunsa ya ninka na sauti. To wa ya ce yana buƙata? Guda 20 aka ƙera kaf, 14 suka yi jigilar fasinja, kuma British Airways da Air France kaɗai suka karɓa.

Baban Khalifa: Haba Injiniya, da bakinka? Landan zuwa New York cikin awa uku da rabi! Da kowa jira yake sai an nema, da har yau a jirgin ruwa ake tsallaka teku.

Malama: Alhaji, wa ya riƙa hawa kafin a daina aiki da shi a 2003? Kujeru ɗari ne, sai masu hannu da shuni. Kuɗin ƙera shi kuwa harajin jama'a ne, har da na leburan da bai taɓa taka filin jirgi ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, a yi masa adalci. A jiragen fasinja shi ya fara sarrafa tuƙi ta wayoyin lantarki, kuma injiniyoyin Toulouse, birnin Faransa inda aka harhaɗa shi, sun shiga aikin ƙera jiragen kamfanin Airbus da ƙwarewar da suka samu.

Injiniya: Ƙanena, ban musa ba, amma dubi abin da aka sani tun da wuri. A 1964 Amurka ta gwada ƙarar tsaga sauti, wato rugugin da jirgi ke yi idan ya wuce sauti gudu, a kan birnin Oklahoma, mutane suka yi ta kai ƙorafin tsagewar bango da fashewar gilashi. A 1971 majalisarsu ta janye kuɗi daga nata jirgin. A 1973 suka haramta irin wannan gudu a sararin ƙasarsu, kamfanonin jiragen Amurka Pan Am da TWA suka fasa sayen Concorde, mai kuma ya yi tashin gwauron zabi. Duk da haka aka ci gaba, saboda masu aikin sun kamu da son jirgin kansa. A 1969 ɗin nan Boeing 747 ya tashi, yana ɗaukar sama da mutum 350, shi ya sa tafiya ta yi sauƙi ga mai matsakaicin hali.

Baban Khalifa: To amma 'yan siyasa ne suka ƙi tsayawa don kare martabar ƙasa. Me ya sa za a ɗora wa injiniyoyi?

Malama: Su suka riƙe lissafin mai da na ƙara, Alhaji. Tun kafin a fara ɗaukar fasinja a 1976 ya kamata su buɗe baki.