Yaya ake auna zaizayar gaɓar teku da tsofaffin taswira?

Ɗalibin safiyo: Assalamu alaikum malamai. Ina son auna yadda teku ya cinye garin Ayetoro a jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947. Ina da tsohuwar taswirar hukumar safiyo mai ma'aunin 1:50,000 da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat. Ta ina zan fara?

Malam Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Ka yi sikanin takardar a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), ka shigar da ita manhajar taswira ta QGIS, ka ɗora ta kan wurare goma ko fiye da ba sa motsi. A gaɓar laka irin ta Ilaje, yankin da Ayetoro yake, wannan shi ne wahalar: bakin rafi kan kauce, gidajen katako kan tashi, don haka ka dogara da layukan giridin takardar. Kuma taswirar Najeriya na wancan zamani suna kan tsarin Minna na tantance matsayin wuri a doron ƙasa, Landsat kuwa yana kan tsarin duniya na WGS84. In ba ka sauya ba, za ka ga gaɓar ta matsa gwamman mitoci alhali ba ta motsa ba.

Hajiya Injiniya: Ƙari a kan bayanin Malam: layin da ke da kaurin rabin milimita a taswirar daidai yake da mita 25 a ƙasa, ɗigon Landsat kuma mita 30 ne. Canjin da bai kai mita 50 ba, kada ka kira shi zaizaya. Ka zaɓi hotunan rani da aka ɗauka lokacin cikar ruwa, domin in ruwa ya janye laka takan fito fili mai faɗi. Sannan ka yi amfani da DSAS, manhajar auna matsawar gaɓar teku, ka ja layukan aunawa kowane mita 50.