Suwic yana yanke mini kallo: in sayi sabo ko in sake jan waya?

Baban Hafsat, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfuta da talabijin ta waya) na gigabit mai ƙofa 8. Tsohuwar kwamfuta ce ke riƙe da finafinan ta manhajar Jellyfin, talabijin ɗaya a falo, ɗaya a sashen iyali, wayarsa mita 45 ta bi ta kan katanga. Bayan azahar fitilun suwic ɗin duka sukan mutu su dawo, kallo ya yanke. Na sashen iyali kuma yana sarƙewa a finafinan 4K ko da dare ne, fitilar ƙofarsa ruwan lemo, sauran kore. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su iya: sabon suwic ko sabuwar waya. Wanne?

Ɗan Kuseri:
Ka sayi babban forfe na intanet, 4K ba ya tafiya da ƙaramar data.

Mai Gyara Domayo:
Finafinan a cikin gidansa suke, intanet ba ta cikin maganar. Baban Hafsat, kada ka sayi komai tukuna. Fitilu su mutu gaba ɗaya su dawo, wuta ce ta yanke wa suwic ɗin, kuma galibi laifin adafta ne. Kafasitocin cikinta suna bushewa da zafi, ka buɗe za ka ga kansu ya kumbura. Duba bayan suwic ɗin ka ga abin da aka rubuta, 5V ne, 9V ko 12V. Ka aro adafta mai wannan bolt daidai, amfiya daidai ko fiye, bakinta da alamar + da − su zo ɗaya. Kada ka dogara da mitar auna wuta kawai, gajiyayyar adafta takan nuna 12V babu kaya, a jona ta ta faɗi. Sannan ka fito da shi daga cikin kabad. Yawancin na gida iyakarsu digiri 40, Garwa kuwa tana wuce haka a Maris da Afrilu.

Ɗan Kuseri:
A zafin Garwa ko mutum ma fitilarsa mutuwa take bayan azahar.

Malamin Kwamfuta, Gaundare:
Matsala ta biyun daban ce. A suwic da yawa ruwan lemo na nufin ƙofar ta haɗu a megabit 100. Gigabit yana buƙatar zare 8 duka, 100 kuwa zare 4 yake so: na 1, 2, 3 da 6. Zare ɗaya cikin sauran huɗun ya saki, sai ya sauka 100. Amma a kula, talabijin da yawa ƙofarsu 100 ce tun daga kamfani, babban fim na 4K kuma yakan haura hakan a wasu wurare. Gwaji: cire wayar daga talabijin ka sa wa kwamfuta mai gigabit. Fitila ta koma kore, wayar lafiya take. Ta zauna a lemo, ka yanke kawuna biyu ka sake matsa RJ45 bisa tsarin B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Mita 45 ba tsawo ba ne, iyakar 100 ce.

Kawu na Yelwa:
Duk kun tsallake abin da ya fi haɗari. Waya a kan katanga! Daminar bara aka kira ni wani gida, tsawa ko a gidan ba ta sauka ba, amma ta bi irin wannan wayar ta ƙone suwic, ta kashe ƙofar kwamfuta, ta ci allon talabijin. Na yanka wayar na kankare zaren da reza, sai ga fari a ciki: alminiyon ne aka shafa wa tagulla, a kwali kuma an rubuta Cat6, wato waya mai inganci. Rigarta ta farfashe da rana, ruwa ya kwanta ciki. Mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Allah ya isa! Ɗana, ka sauke ta, ka sa ta waje mai baƙar riga a cikin bututun PVC, ka binne.

Baban Hafsat:
Kawu, Allah ya kiyaye. Nawa mita take yanzu?

Kawu na Yelwa:
Ta tagulla zalla sefa 500. Mai 200 ita ce wadda na faɗa maka.

Mai Gyara Domayo:
A Marwa 350 ake ba mu. Suwic na gigabit mai ƙofa 8 kuma dubu 20.

Ɗan Kuseri:
Dubu 10 na gani nan.

Malamin Kwamfuta:
Karanta kwalin, 10/100 za ka gani, ba gigabit ba. Kawu, da girmanka, binnewa tana rage haɗari amma ba ta kawar da shi. Tsakanin gini biyu faiba, wato wayar gilashi, ce magani, da konbata mai haɗa ta da wayar tagulla a kowane gefe, don gilashi ba ya ɗaukar wuta.

Kawu na Yelwa:
Mutum ya ce kuɗinsa abu ɗaya za su iya, kana kawo masa faiba. Wannan maganar aji ce. Mu da muke hawa tsani mun san abin da talaka zai iya.

Mai Gyara Domayo:
Ku bar wannan. Me ke gajiyar da adaftocin tun farko? Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi. Ku sa ƙaramin UPS na DC mai batir a ciki, ya riƙe suwic da modem, kuma ku cire filogi idan an ɗauke, sai wuta ta zauna ku mayar.

Kawu na Yelwa:
Yauwa! Madatsar Lagdo da ke ba mu wuta tun 1982 take, megawat 72, garuruwa sun ninka, ruwa ya ja baya da rani sai rabon wuta unguwa unguwa. Takardar kuɗin wuta kuwa ba ta taɓa makara. Wa zai biya mana firji da talabijin da suka ƙone?

Ɗan Kuseri:
Ku zo nan ku ga namu. Akwai wanda ya gwada sola da batir 100Ah don talabijin biyu? Awa nawa take kaiwa?

Baban Hafsat:
Na duba, 9V 0.6A aka rubuta. Adaftar 9V 1A da ke hannuna za ta yi?