Neman shawara: kalmomin Turancin nan masu "ough" sun rikita min yarinya

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ce za ta zana WAEC bana, kuma ɓangaren furuci na jarrabawar Turanci, wato Test of Orals, shi ya tsaya mata a wuya. Ta jero min though, through, thorough, thought da tough a takarda, ta ce ita a idonta duk ɗaya ne. A wani insha'i ma ta sa thorough inda through ya kamata, malamin ya zagaye shi da jan biro. Ni kuwa Turancina na sakandare ne, ya kwana biyu. Don Allah akwai wata ƙa'ida da za ta riƙe? Sannan tunda haruffan iri ɗaya ne, ma'anarsu tana da alaƙa?

Malam Bashir: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ta wahalar da kanta wajen neman ƙa'ida, babu ita. Kamannin a rubutu kawai ya tsaya. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne su raba su gida-gida bisa sautin ƙarshe, domin abin da ake tambaya ke nan a jarrabawar: wace kalma ce ta yi amo ɗaya da wannan.

Tough mai tauri ne, rough mai kaushi, enough abin da ya isa, dukkansu da "af" suke ƙarewa. Cough tari ne, trough kuma kwamin shayar da dabbobi, su "of" ne. Plough garma ce, bough babban reshen bishiya, ana faɗinsu kamar now. Though, wato "ko da yake", da dough, kwaɓin fulawa, suna tafiya da go. Through, wato ratsawa ta ciki, ita da blue take tafiya. Thorough kuwa gaɓa biyu ce, ma'anarta aikin da aka bi ciki da bai ba a bar komai ba.

Inda za ta ɗan huta shi ne masu ƙarewa da "ought": bought ya saya, brought ya kawo, fought ya yi faɗa, sought ya nema, thought ya yi tunani. Duk amo ɗaya ne da caught. Amma ta yi hattara da drought, wato fari na rashin ruwan sama, ita da out take tafiya. A irin wannan ne masu tsara tambaya ke ɗana tarko.

Anti Rabi: Maman Hanifa, idan tana zuwa Islamiyya aiki ya zo da sauƙi. Farkon though da ذ ake fitar da shi, na through da thought da thorough kuma da ث. Mu Hausawa mun saba mayar da su "z" da "s", shi ya sa thought ke fita kamar sought a bakinmu. Ki ce ta sa bakin harshenta tsakanin haƙora kamar a ajin tajwidi.

Abu Sadik: Bari in ƙara da asalin abin, ko zai rage mata haushi. Da can Turawan Ingila suna furta "gh" ɗin nan, sauti ne na maƙogwaro kusa da خ, irin wanda Jamusawa ke faɗa har yau a doch, takwarar though. Daga baya sautin ya ɓace a wasu kalmomi, a wasu ya koma "f". Ana cikin wannan sauyi William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri guda, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa Amurkawa suka yanke wahala suke rubuta plow.

Game da alaƙar ma'ana, Malam Bashir zai yi min afuwa, akwai guda biyu da suke da ita: through da thorough tushensu ɗaya a tsohon Turanci. Aikin da ya ratsa ta ko'ina shi ne thorough. To ka ga yarinya ba ta yi nisan ɓata ba.

Malam Bashir: Haka ne Abu Sadik, na karɓa. Sai dai a zauren jarrabawa Caxton ba zai ba ta maki ba.

Ɗan Ƙwallo: Mu dai a gidan kallo muka koyi namu. Middlesbrough ƙarshenta "bra" masu sharhi ke cewa. Akwai ma garin Loughborough, "ough" biyu a suna ɗaya kuma kowane da nasa sautin, "Lafbra" ake faɗi.

Anti Rabi: Kai dai ba ka rabo da ƙwallo. Maman Hanifa, kada ta haddace su tsurarsu. Kowace kalma ta sa ta cikin jimla gajera da ta shafi gida, ta rubuta da hannunta, ta faɗa da ƙarfi. Ƙamus ɗin Oxford da na Cambridge na intanet suna da ɗan hoton lasifika, idan ta taɓa za ta ji furucin. Ta zaɓi na Birtaniya.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, na kwafe mata duka. Malam, ta ce in tambaya, hiccough fa, wane gida za ta sa shi?

Malam Bashir: Shaƙuwa ke nan. Ba shi da gida a cikinsu, "hikap" ake faɗi. Ta rubuta hiccup abinta, shi aka fi amfani da shi yanzu.