Cikin littattafan gasar 1933, wanne za a fara ba ɗalibi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wanne ya kamata ɗalibi ya fara da shi, wanne kuma kuke ganin an zuzuta shi fiye da kima?

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam. A fara da Ruwan Bagaja, don Hausar Abubakar Imam ba ta gajiyar da yaro. Amma ni ban ɗauke shi gwanin biyar ɗin ba. Dubi zubinsa: Alhaji Imam ya sauka a gari, ya ci karo da Malam Zurƙe, wannan ya cuci wancan, wancan ya rama, a tashi sai gari na gaba. Ka tsallake garuruwa biyu daga tsakiya, ba abin da zai rushe. Ruwan bagajar da Alhaji Imam ya bar Kwantagora dominsa ma sai can ƙarshe labarin ke komawa kansa sosai. Shi ya sa ɗalibai ke rikita jerin aukuwa a jarrabawa. Maganinsa, a sa su rubuta kowane zango da wanda ya yi nasara a cikinsa.

Tsohon Ɗalibi: Gaskiyarki, Malama. Ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa na fi so, kuma dalilin ke nan. Kowane abu na jawo na gabansa: makircin fada ya kori Makau, mijin uwar Umar, an sace Umar yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren hamada, uwa ta bi sahu har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Wahalar uwar nan ita ce zuciyar littafin. Aibinsa ɗaya, Umar ya yi sanyi da yawa, komai sai dai ya same shi. A ajiye shi na biyu, bayan an yi wa ɗalibi darasi guda kan bauta da fataucin hamada, in ba haka ba rabin littafin zai wuce shi.

Mai Nazari: Wanda ba na so shi ne Ganɗoki. Bello Kagara ya fara da ƙarfi, da yaƙin Nagwamatse, Sarkin Kwantagora, da zuwan Turawa, ga kirari mai tayar da tsikar jiki. Daga nan sai ya saki tarihin, ya koma ƙasashen aljanu inda jarumi ba ya taɓa shan kaye. Tun da an san zai ci nasara, me ya rage a jira?

Jiki Magayi kuwa an danne masa haƙƙi. John Tafida da East sun ɗaure shi tamau: mai dukiya ya aure Zainabu, saurayinta Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta sauka kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa mai dukiyar, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. A karanta shi na uku, a zama ɗaya, kada a yanka shi mako-mako.