Wai jirgin fasinja ya riga sauti gudu?

Yaya Babba: Assalamu alaikum 'yan gida. Na ci karo da labarin wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 da ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, a Fabrairun 2020. Tafiyar da aka saba yi a awa shida da wani abu. Gudunsa ya haura kilomita 1,300 a awa, sauti kuwa 1,235 yake yi. Auta, kai ka ce jirgin fasinja ba ya riga sauti, to ga shi.

Auta: Wa'alaikumus salam Yaya. Labarin gaskiya ne, amma ina nan kan bakata.

Yaya Babba: Da 1,300 da 1,235 wanne ya fi? Ko a jami'ar da ke Samaru an sake ƙirga ne?

Kawu: Ni a ganina matuƙin ne ya ƙara wa injin wuta don ya isa gida da wuri.

Auta: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ba shi da wannan damar. Manyan jiragen nan idan sun daidaita a sama, kilomita 850 zuwa 900 suke yi a awa. Ya matsa fiye da haka sosai, mai zai ƙone a banza, jirgin ya kama karkarwa, don ba a ƙera fikafikansa domin hakan ba. Abin da ya faru shi ne, can sama wajen kilomita 10 akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan Tekun Atlantika, ta fi tsanani lokacin sanyinsu. A ranar ana guguwar da suka kira Ciara, iskar ta kai wajen kilomita 400 a awa. Jirgin ya shiga cikinta ta kwashe shi. Kamar mai kwalekwale ne a kogin Galma da damina: tuƙinsa bai canza ba, ruwan ne ke tafiya da shi.

Gwaggo: Ku tsaya. Ba an ce duniya juyawa take yi ba? Ni na ɗauka jirgi na sama, ƙasa na tahowa ta tarye shi.

Anti Malama: Gwaggo, da haka ne ai tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda gabas duniya ke juyawa. Amma Landan zuwa New York awa bakwai zuwa takwas ake yi, dawowar ce gajera. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniyar.

Gwaggo: To, na bar muku.

Yaya Babba: Duk na ji. Amma fasinja ina ruwansa da wa ya tura? Ya ci kilomita 1,300 a awa ko bai ci ba?

Auta: Ya ci, idan da ƙasa aka auna. Sai dai shi sauti a cikin iska yake tafiya, iskar da ta ɗauki jirgin ta ɗauke shi shi ma. A wannan tsayin, saboda sanyi, sauti wajen 1,060 yake yi, ka ɗora masa 400 ɗin iskar. Ƙarar injin tana gaba, jirgin na biye. Jirgin fasinjan da ya riga sauti da gaske shi ne Concorde, ninki biyu ma. A 1996 ya yi wannan hanyar cikin awa 2 da minti 53, aka kuma ajiye shi a 2003.

Kawu: To iskar hunturunmu fa? Mai zuwa Legas daga Kano ba ta tura shi?

Anti Malama: Tamu a ƙasa-ƙasa take, Kawu, jirgi yana hayewa ya bar ta. Illarta hazo ne, matuƙi ya kasa hango titin sauka, a yi ta ɗage tashi. Kuma wajen tashi da sauka ma iskar gaba ake so, ba ta baya ba. Ka lura da ƙananan jiragen koyo na kwalejin jiragen sama da ke shawagi ta kan Palladan a Zariya, iska suke fuskanta su ɗaga, don fiffike ya samu abin da zai ɗauke shi tun titi bai ƙare ba.

Yaya Babba: Kun haɗe min kai ku biyu. Ina da maƙwabci da ke koyarwa a kwalejin, bayan la'asar zan tare shi.

Auta: Madalla Yaya. Ka tambaye shi gudu nawa allon gabansa ke nunawa, na iska da na ƙasa, da kuma wanne yake kallo idan zai ɗaga.